Ƙaryar Da Kunne Ke So: Daga Tatsuniyar Gizo Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara a lokacin saran rake, zai ga hayaƙi na tashi daga wuraren dafa mazarƙwaila har dare ya yi nisa. Aiki ne mai cin hannu da ido: wani na tura rake a inji, wani na iza wuta, wani na juya kasko. Kunne kaɗai ke zaune ba aiki, don haka ba a raba irin waɗannan wurare da akwatin rediyo a da, ko wayar hannu a yau. Abin da kuwa ya fi hana ma'aikaci gyangyaɗi shi ne labari, musamman mai ban dariya wanda ba a san inda zai ɓulle ba.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tatsuniya da dare ake yin ta, kuma ba a taɓa jin yaron da ya tsayar da kakarsa don ta bayyana masa yadda aka yi Gizo ya shiga fada ya yaudari sarki ba. A kan wannan turba Alhaji Abubakar Imam ya gina Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, inda Alhaji da Malam Zurƙe ke ta shirya wa juna makirci gari bayan gari, har tafiya ta kai ga ƙasar aljannu.

Da aka buɗe Gidan Rediyon Kaduna a 1962, sai labari ya sami sabon dandali. Manoman ƙasar Zazzau sun saurari Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, sun kuma sha dariya da Samanja Mazan Fama na Alhaji Usman Baba Pategi, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2023. Mai sauraro bai ga barikin soja ba, amma daga jin Hausar Samanja mai gauraye da Turancin bariki, ya riga ya ga hula da takalmi da zarar ido.

Turawa ma haka suke. Daga 1951 zuwa 1960 BBC ta watsa The Goon Show, wasan barkwanci wanda ba ruwansa da abin da hankali zai ɗauka. A 2012 kuma wasu Amurkawa biyu, Joseph Fink da Jeffrey Cranor, suka fara Welcome to Night Vale, irin shirin sauti da ake saukewa daga intanet, wato fodkas. A cikinsa wani mai gabatarwa ke karanta sanarwar wani garin hamada wanda babu shi a duniya, cikin natsuwa kamar mai karanta farashin hatsi. A garin akwai filin shaƙatawar karnuka da aka hana karnuka shiga, akwai kuma gajimare mai walƙiya wanda ya zama shugaban hukumar makarantu.

Dalilan farin jinin irin wannan wasa a fili suke. Na farko, kunne ba ya neman kuɗin gini. Mai shirin fim sai ya kashe dukiya kafin ya nuna dodo, amma mai wasan sauti gwangwani da tsakuwa da murya mai kauri sun ishe shi, sauran aikin zuciyar mai sauraro ce za ta ƙarasa. Na biyu, wauta mafaka ce ga gaskiya. Abin da ba a iya faɗa wa mai mulki ido da ido, ana faɗarsa ta bakin Gizo, a yi dariya, saƙo kuma ya isa. Na uku, ɓoyayyen sirri kamar kacici-kacici yake: shi ke sa a kwana ana gardama a teburin mai shayi, a kuma dawo gobe don jin wanda ya canka.

Sai dai akwai abin dubawa. Yawancin abin da matasa ke turawa a wayoyinsu a yau karatun littattafan soyayya da na yaƙi ne, murya ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan ba laifi ba ne, amma ba shi ne wasan kwaikwayo ba, wanda ke bukatar marubuci da 'yan wasa da gwanin haɗa sauti.

Saboda haka ya kamata gidajen rediyo su tattara tsofaffin faya-fayansu su mai da su na zamani tun ba su lalace ba. Haka nan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantun Ikara da Makarfi da Hunkuyi su gane cewa wayar da ke aljihu ta isa ɗaukar shiri. Masu sauraro dai suna nan a bakin kasko, kunne a buɗe, suna jiran mai ba da labari.