AMSOSHIN WASIƘUNKU: Digiri Na Biyu A Fannin Injiniyan Sinadarai, Me Ake Bincikawa?



TAMBAYA: Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai sayar da hatsi a birnin Katsina. Ya ce ɗansa ya gama digiri na farko a fannin injiniyan sinadarai, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma ya zo masa da maganar zai koma jami'a ya yi digiri na biyu irin na bincike. Shi ne yake tambaya, wane irin karatu ne wannan, me ake bincikawa, kuma shin ya dace ya sayar da gonarsa guda don ɗaukar nauyin yaron?

AMSA: To Alhaji, madalla da wannan tambaya, domin iyaye da dama suna cikin irin wannan tsaka mai wuya. Bari mu fara da aikin kansa.

Ka san yadda mata ke matse man gyaɗa a gida, su soya ƙuliƙuli. Mudu biyar ko goma, mace ɗaya ta ishe shi. To amma a ce buhu dubu za a matse kowace rana, kuma man yau ya fito daidai da na jiya, ba tare da an yi asarar wuta ko gyaɗa ba, nan fa magana ta canza. Sai an lissafa girman tukunya, da yawan zafi, da faɗin bututu, da yadda za a kare ma'aikata daga haɗari. Wannan lissafi shi ne aikin injiniyan sinadarai. Masanin kemistare yakan gano abu a ɗan ƙaramin kwalba, shi kuwa injiniya shi ke mayar da shi masana'anta.

Misali mafi kusa da kai shi ne takin zamani. A 1909 wani masanin kemistare a Jamus mai suna Fritz Haber ya nuna cewa ana iya kama sinadarin naitirojin da ke cikin iskar da muke shaƙa a mayar da shi amoniya, amma ɗigo-ɗigo yake samu a kan teburinsa. Carl Bosch da abokan aikinsa ne suka yi ta fama da ƙarafa da tukwane masu jure matsi, har aka buɗe masana'antar farko a 1913. Takin yuriya da kake sa wa masararka daga wannan aiki ya samo asali, kuma a kan wannan hanya masana'antar taki ta Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022 take tafiya.

Kada a haɗa fannonin biyu, kodayake Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, alal misali, kemistare da koyarwa ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1975, daga baya ya koma can ya yi digiri na biyu a kemistare. Na ɗanka kuwa ɓangaren injiniya ne.

Yanzu sai batun bincike. A digiri na farko, wanda ke cin shekara biyar, malami ne ke da amsa, ɗalibi ya koya ya rubuta jarrabawa. A digiri na biyu na bincike kuwa, ana ba ɗalibi tambayar da shi malamin ma bai gama sanin amsarta ba, a ce ya je ya nemo. A jami'o'in Nijeriya galibi akan yi kamar shekara guda ana darussa a aji. Daga nan ɗalibi ya tsaya gaban malaman sashe ya bayyana abin da yake son bincikawa da yadda zai yi, su yi masa gyara. Sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje wata da watanni, ya rubuta kundi, a ƙarshe a gayyato wani malami daga wata jami'a dabam ya titsiye shi da tambayoyi. In ya kare aikinsa, ya samu digiri. A takarda shekara biyu ce ko ƙasa da haka kaɗan, amma sau da yawa takan zarce.

Kai manomi ne, saboda haka bincike ba baƙon abu ba ne gare ka. Idan aka kawo maka sabon irin dawa, ai ba ka shuke gona duka da shi. Kakan ware 'yan kunyoyi, ka shuka sabo kusa da tsoho, taki ɗaya, noma ɗaya, ranar girbi ka auna. Haka ɗanka zai yi, sai dai shi komai da ma'auni da rubutu, kuma zai maimaita gwaji sau da dama don ya tabbata ba dace ya yi ba.

Ga misali daga cikin jiharku. Ƙanƙara tana da farar ƙasa mai yawa, wadda Turawa ke kira kawolin. Ana amfani da ita wajen yin fenti, da takarda, da tangaran, da alli. Malamai da ɗaliban Sashen Injiniyan Sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun daɗe suna bincike a kanta, sun kuma wallafa sakamako da yawa. Dalili kuwa shi ne, tatacciyar farar ƙasa kusan kashi 40 cikin 100 nata sinadarin alumina ne, wato tushen alif. Alif ɗin nan dai da ka sani, wanda ake jefawa cikin ruwa mai laka ya kwanta. Irinsa ne ake zubawa buhu-buhu a matatun ruwan famfo kamar ta Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina.

Yadda ake yi shi ne, a wanke ƙasar a raba ta da yashi, a gasa ta a wuta mai zafin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos har ruwan da ke ɗaure a jikinta ya fita, sannan a jiƙa ta da asid irin na ruwan batir, amma mai ƙarfi, wanda zai janyo aluminar. A tace, a bar ruwan ya daskare, alif ya fito. Mu ja kunne, wannan ba aikin gida ba ne, asid ɗin yana ƙona fata yana makantarwa. To ina binciken yake? Yana wajen tambayoyi irin su: zafi nawa ne ya isa ba tare da ɓarnar wuta ba? Awa nawa za a jiƙa? Yaya za a cire ƙarfen da ke ɓata launi? Kuma a ƙarshe, shin buhun da aka yi da ƙasar Ƙanƙara zai fi wanda ake sayowa araha? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa ta zama aikin ɗalibi guda.

Daga wannan ƙasa dai masu binciken na Zariya sun haɗa wani gari da ake kira ziyolait, wanda matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa mai mai kauri ya koma fetur. Ka ga ke nan ƙasar da ake lodawa a tifa da arha, ilimi na iya ɗaga darajarta. Haka zancen yake ga 'ya'yan bedi da ake matse mai da maganin ƙwari daga cikinsu, da ƙaiƙayin shinkafa, da karan dawa. Akwai ma cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fasahar sinadarai, NARICT, a Basawa ta Zariya, wadda irin wannan ne aikinta.

Sai dai Alhaji, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Abin da ya yi kyau a kwalba ba lallai ne ya zama masana'anta ba, domin wannan na bukatar jari da wutar lantarki da kasuwa. Kuma digiri na biyu ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Ga mai son koyarwa a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Hassan Usman, ko aiki a cibiyar bincike, ko zarcewa digirin dakta, wannan karatu tsani ne da ba makawa sai an taka. Amma mai son aiki a kamfanin siminti, ko taki, ko matatar mai, sau da yawa digiri na farko da gogewa sun wadatar, sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN idan ya cika sharuɗɗa. Wanda kuwa zai koma makaranta don kawai ya gaji da zaman gida, to zai fito bayan shekara biyu ko uku ya tarar da zaman na jiran sa.

Saboda haka ka zaunar da yaron ka yi masa tambaya uku.

Ta farko, me kake son ka bincika? In ya iya bayyana maka da Hausa har ka gane, to ya san inda ya dosa. In ya tsaya kame-kame da Turanci, da sauran shiri.

Ta biyu, wane malami ne zai duba aikin, kuma ka yi magana da shi? Wannan ita ce uwa uba. A karatun bincike, malami mai duba aiki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ya je Samaru, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Fasaha ta Minna da ƙafarsa, ya tambayi ɗaliban da ke hannun malamin: yana samun lokacinsu? Shekara nawa waɗanda suka gabace su suka yi? Na'urorin da aikin ke bukata suna aiki?

Ta uku, nawa ne kuɗin, daga farko har ƙarshe? Kuɗin makaranta somin taɓi ne. Akwai haya da abinci, ga sayen sinadaran gwaji, ga kuɗin auna samfur a manyan na'urori, wanda akan biya a kan kowane samfur. Wani awon ma a nan Katsina ake yin sa, a babban ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke hanyar Dutsin-Ma, inda ɗaliban wasu jami'o'i kan kawo nasu. A kuma yi lissafi da jinkiri. Yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, kuma haya ba ta yajin aiki.

Game da tallafi, akwai asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, wanda aka kafa tun 1973. Yana ba da gurbin karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje, kuma fannin ɗanka na cikin waɗanda ake nema. Ana yin tantancewa, sakamako mai kyau na taimakawa ƙwarai. Asusun TETFund kuma yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati, wato wanda ya fara samun koyarwa yana iya yin karatun da albashinsa a hannu. Ya leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ma. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a guje shi.

Batun gona kuwa, shawararmu ita ce kada ka sayar. Gona tana ciyar da gida duka kowace shekara, digiri kuwa sai an jira, kuma ba a san ranar da zai fara biya ba. Wannan karatu ba ya wucewa, mai shekara talatin ma yana yin sa. In yaron ya amsa tambayoyin nan uku da kyau, a tallafa masa daga amfanin gona da ribar kasuwa, kaka bayan kaka, shi ma ya kama koyarwa ko wata sana'a ya rage nauyi. In bai amsa ba, ya nemi aiki tukuna, ya ga yadda masana'anta take da idonsa. Sau da yawa a can ne mutum ke cin karo da tambayar da ta cancanci bincike.

Da fatan Alhaji ya gamsu, Allah Ya yi wa zuri'a albarka. Saura ku masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a taƙaita, a rubuta yadda zai karantu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.