Habaici a Bakin Ɗan Tashe

A garuruwan ƙasar Gwandu irin su Jega da Aliero da Maiyama, da wuya yaro ya dubi idon dattijo ya ce masa ya yi kuskure. Amma daga goma ga watan azumi, wasan tashe kan ba shi wannan dama. Yaron da ya fito a siffar Jatau Mai Magani yakan kururuta saiwoyinsa har abin ya koma ba'a. Boka yake kwaikwayo, amma masu gaskata boka ido rufe yake yi wa habaici. Shi kuwa habaici, saɓanin zambo, ba ya kama suna. Saboda haka wanda duk ya fusata ya tona asirin kansa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.