Me Ya Sa Waya Ke Hana Mai Ita Taɓa Wasu Fayilolinta?

A wannan makon allonmu zai taɓo wata magana da ta yawaita a bakin samari tun daga Bachirawa har Panisau, wato yi wa waya rutin. Yawancinmu ba mu da waya ta kanmu, kuma ko da muna da ita ba a yarda mu shigo da ita makaranta ba. Amma kusan kowane gida akwai ta Baba ko ta Yaya, kuma da zarar ta fara nauyi mu ake miƙa wa, a ce "kai ɗan boko, duba min ita." A cikin wannan wayar ne lambobin dillalan gyaɗa suke, da manhajar bankin da ake turo kuɗin amfanin gona, da hotunan bikin Anti. Don haka kafin wani ya ce maka "kawo in yi mata rutin, za ta koma kamar sabuwa," ya kamata ka san abin da ake shirin taɓawa.

Ma'ajiyar wayar Android a rarrabe take kashi-kashi. Akwai kashin da ake kira data, inda hotuna da saƙonnin WhatsApp da duk manhajar da ka sauke suke zama. Wannan naka ne, ka zuba ka kwashe yadda ka ga dama. Akwai kuma kashin system, inda ita kanta Android take, da kashin boot wanda ke tayar da wayar idan aka danna makunni, da wasu ƙanana da ke riƙe da bayanan rediyon wayar. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san bambancin hatsin ci da irin shuka. Na ci ana ɗiba kullum. Iri kuwa ana ɗaure shi a ajiye gefe, domin idan ya lalace babu damina mai zuwa. Kashin system shi ne irin shukar waya.

Shi ya sa aka sa masa dokar "a karanta kawai". Wayar tana iya duba abin da ke ciki sau dubu a minti ɗaya, amma ba ta iya ƙara ko harafi ɗaya. Kamar rajistar aji ce. Monita yana iya buɗewa ya ga sunan kowa, amma malamin aji ne kaɗai ke rubutu a ciki. Idan ka gwada goge wani fayil a nan, wayar za ta ƙi, ta rubuto maka da Turanci cewa Read-only file system. Ko an mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, kashin data kawai ake sharewa, ba a taɓa system.

To mene ne rutin ɗin? Android an gina ta ne a kan Linux, wanda wani ɗalibin jami'a a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. A tsarin Linux kowane mai amfani yana da lambarsa da iyakar abin da zai iya taɓawa. Android ta ɗauki wannan dabara ta ba kowace manhaja lambarta, shi ya sa wasan ƙwallon da ka sauke ba zai iya leƙa manhajar banki ba. Mai amfani ɗaya ne kawai babu ƙofar da ke rufe masa, lambarsa 0, sunansa root. Tun daga wayar Android ta farko da ta fito a 2008, kamfanoni ba sa ba mai saye wannan matsayi. Yin rutin shi ne ƙwato shi. Kamar a ce ɗalibi ya sami makullan shugaban makaranta gaba ɗaya, na ofis da na sito da na ɗakin ajiye takardun jarrabawa.

A da abin yana da sauƙi ƙwarai. A zamanin Android 4 da 5 akwai manhajoji irin su KingRoot, dannawa ɗaya kawai, su nemo wata ɓaraka a tsaron wayar su kutsa ta nan. Bayan haka sai mutum ya rubuta umarni guda, mount -o rw,remount /system, ma'anarsa "sake buɗe kashin system, a wannan karon da izinin rubutu." Shi ke nan, sai ya goge abin da yake so, ya canza salon rubutun wayar ko ƙarar da take yi idan ta kunnu. Yawancin labaran da yayyenmu ke bayarwa na wancan zamanin ne, kuma har yanzu bidiyoyin lokacin suna yawo ana kallo kamar jiya aka yi su.

Google bai zauna ba. Ya kawo wani tsari da ke tantance waya duk lokacin da ta tashi, ya fara shi a Android 4.4, ya tsananta shi a Android 7 a 2016. Ga yadda yake aiki. An yanka kashin system gunduwa-gunduwa ƙanana, aka yi wa kowace gunduwa wani lissafi da ke fitar da lamba ta musamman. Idan harafi ɗaya ya canza a cikin gunduwar, lambar ma za ta canza gaba ɗaya. Daga nan aka tattara lambobin aka sake yi musu lissafi, har aka tsaya a kan lamba ɗaya tal, wadda kamfani ya sa wa hannu. A duk lokacin da waya ta ɗauko wata gunduwa sai ta sake lissafin ta gwada da na asali. Idan bai zo daidai ba, sai ta ƙi karanta wurin, ko ta ƙi tashi ma baki ɗaya. Wannan ya fi a auna buhu a rubuta nauyinsa a jiki, domin mai wayo zai iya ɗibar gero ya cika da yashi nauyin ya zo daidai. A nan ko ƙwaya ɗaya aka musanya sai an gane.

Da Android 10 ta zo a 2019 sai aka ƙara wani kulle. An haɗa system da wasu kashe-kashe a cikin babban kashi ɗaya mai suna super, aka matse kowanne daidai girman abin da ke cikinsa, babu filin da ya rage da za a rubuta sabon abu. A wayoyi da yawa ma, idan gunduwa biyu iri ɗaya ne sai a ajiye guda ɗaya kowa ya riƙa amfani da ita, to ka ga idan ka canza ta ka ɓata fayiloli da dama a lokaci guda, shi ya sa tsarin yake ƙin buɗewa don rubutu. Sababbin wayoyi kuma da yawa suna amfani da wani tsarin ajiya mai suna EROFS da kamfanin Huawei ya ƙirƙiro, wanda tun asali ba a gina shi da hanyar rubutu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan a duk wannan bincike. Mutum zai iya zama root, mai lamba 0, ya ba da wancan tsohon umarni, wayar ta ce masa a'a. Makullin yana hannunsa, amma an toshe ƙofar da bulo da siminti.

Masu son rutin sai suka canza dabara. Wani matashi ɗan Taiwan mai suna John Wu ya fito da Magisk a 2016. Magisk ba ta taɓa system ko kaɗan. Tana gyara kashin boot ne, sannan ta ajiye sababbin fayiloli a cikin data, idan waya ta tashi sai ta ɗora su a saman na asali. Ku dubi wannan allon da kuke karantawa. A ce an rufe shi da gilashi an sa kwaɗo, sai wani ya zo ya manna tasa takardar a kan gilashin daidai saitin tawa. Mai wucewa tasa zai karanta, amma tawa tana nan a ƙasa ba ta canza ba, kuma da an ɓare tasa za ta bayyana. Wannan ya fi tsohuwar hanya aminci, tunda ana iya cire gyaran a koma yadda ake. A 2021 Google ya ɗauki shi John Wu aiki a sashen tsaron Android. Ni dai a ganina sun yi wayo.

Sai dai kafin a sa Magisk dole a buɗe butloda, wato ɗan ƙaramin shirin da ke fara tashi ya tantance sauran. Kuma buɗe butloda yana share duk abin da ke cikin data. Da gangan aka yi haka, don kada ɓarawo ya buɗe wayar da ya sata ya kwashi sirrin mai ita. Hotuna, lambobin da ba a ajiye a sim ko imel ba, saƙonni, duk za su tafi, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su cikin sauƙi. Wannan shi ne abu na farko da masu cewa "kawo in yi maka" ba sa faɗa.

Na biyu, manhajojin banki da yawa suna tambayar wayar ko an taɓa ta, ta hanyar wani gwajin Google mai suna Play Integrity. Idan wayar ta faɗi gwajin, wasu manhajojin sai su ƙi buɗewa. Ka yi tunanin Baba yana tsaye a kasuwa zai biya kuɗin taki, manhaja ta ce ba ta yarda da wayarsa ba. A wayoyin Samsung kuwa akwai wani ɗan fis a ciki na tsarin Knox, wanda ke ƙonewa idan aka ɗora abin da ba na kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa har abada. Yawancin kamfanoni ma suna janye garanti idan sun ga an yi rutin.

Na uku shi ne wayar ta tsaya a tambarin kamfani, ta mutu ta kunnu, ta mutu ta kunnu. Daga nan sai tafiya kasuwar waya ta Farm Centre ko Titin Beirut a yi mata filashin, ga kuɗin mota ga kuɗin aiki. Tecno da itel da Infinix da muka fi riƙewa duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma da yawansu suna da ƙwaƙwalwar MediaTek. A irin waɗannan akwai wani ƙaramin kashi da ke riƙe da IMEI, lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, wadda za ka gani idan ka danna *#06#. Idan mai filashin ya zaɓi share komai da komai, wannan kashin ma zai tafi, sai wayar ta kunnu lafiya amma ta ƙi kama sabis.

Sannan me ake nema da ya kai a ɗauki wannan kasada? Wasu sun ce data kyauta. Ai lissafin data ba a cikin wayarka yake ba, yana can a kwamfutocin kamfanin layi, babu fayil ɗin da za ka gyara a Ungogo ya canza shi. Wasu sun ce ƙara RAM. RAM ƙarfe ne da aka liƙa a jikin allon wayar. Akwai wani fayil mai suna build.prop da ke ɗauke da sunan waya da samfurinta, ana iya canza shi ƙaramar itel ta riƙa kiran kanta da sunan babbar waya, amma rubuta "doki" a jikin jaki ba ya ƙara masa gudu. Da irin wannan dabara ce masu jabun waya ke sa ta nuna girman da ba ta da shi. Wasu kuma sun ce za su goge manhajojin da suka zo da wayar don samun fili. Wannan ne ya fi kama da gaskiya, amma ku tuna ɗakunan daban-daban ne. Filin da ka samar a system ba ya komawa data, ko hoto ɗaya ba zai ƙara ɗauka ba.

Kullen yana da amfani, duk da cewa shi ma ba ya hana komai. A 2020 wani bincike ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru da Masar. Tana yi wa mutane rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba, tana cinye musu kati da data. Kamfanin ya ce wani mai kawo masa kaya ne ya cusa ta, kuma ya fitar da gyara. Abin lura shi ne, tunda a cikin tsarin wayar take zaune, share data bai isa ya kore ta ba. Wanda ya yi rutin da wata manhaja da bai san asalinta ba, irin wannan matsugunin yake ba ta da hannunsa.

Ba na cewa duk mai rutin ɓata waya yake yi. Akwai masana da ke raya tsofaffin wayoyi da shi, su ɗora musu LineageOS bayan kamfani ya daina turo sabuntawa, kuma yawancin masu gyaran waya da kwamfuta ta irin wannan gwaje-gwajen suka koya. Amma a kan wayar da babu asarar kowa a ciki suke koyo, bayan sun kwafe fayilolinta na asali sun ajiye. Kuma ƙananan wayoyin da ke hannun iyayenmu da wuya a same su a jerin waɗanda LineageOS ke tallafa wa.

Idan wayar gida ta yi nauyi, fara da WhatsApp, ka shiga wurin ma'ajiya a saitinsa ka goge bidiyoyin da aka turo sau da yawa, bayan ka tambayi mai wayar. Manhajar da ta zo da waya ba a amfani da ita, sau da yawa ana iya kashe ta daga saiti ba tare da rutin ba, ta daina aiki a ɓoye. A sa Facebook Lite a madadin babbar, a mayar da hotuna katin memori. Idan kuma aka tafi da kai sayen waya ta hannu, ka kashe ta ka kunna a gaban mai sayarwa. In ka ga wani rubutun gargaɗi ya fito kafin tambari, a wasu wayoyin MediaTek yana farawa da Orange State, to an buɗe butlodarta. Ka danna *#06# kuma ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, sannan ka sa sim ɗin Baba ka kira wani kafin a ƙirga kuɗi.