Auna Jinin Mai Jego

Daga cikin musibun da ke riskar mace a kan gwiwa, babu wadda ta kai zubar jini bayan haihuwa saurin halakarwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana cin rayukan mata kimanin 70,000 kowace shekara. Galibi sababinta shi ne mahaifa ta kasa tsukewa bayan faɗuwar mabiyiya. Wani lokaci kuma yagewa ce, ko ragowar mabiyiya da ta maƙale.

Magunguna kam sun daɗe a hannun likitoci, inda aka yi ta samun tangarɗa shi ne sanin lokacin ba da su. Haddin da masana suka ajiye rabin lita ne, kwatankwacin ledar ruwan sha guda, alhali kuwa ungozoma, komai ƙwarewarta, da ido take kintace, jinin kuma ya jiƙe zannuwa ya malale ƙasa, har ta zaci kaɗan ne, ba a farga ba sai jiri ya ɗebi mai jego.

A kan wannan mas'ala aka gudanar da binciken E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Tadbirin ba shi da wuya: a shimfiɗa wa mace leda mai aljihu da ma'auni, da zarar jini ya kai haddi a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin da ta tiranekzamik, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda, maimakon a gwada ɗaya a zauna jira. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Ga gari irin Dutsi, inda mai tsananin lalura sai an kai ta Daura ko Katsina, a ganina fa'idar ta fi girma, bisa sharaɗin a kiyaye abu biyu. Oksitosin ba ya jure zafi, dole a ajiye shi a firji mai wuta. Ita kuwa tiranekzamik amfaninta yana cikin awa 3 na farko bayan haihuwa, saboda haka wajibi ne a yi ta tun a ƙaramin asibiti, kafin dangi su gama neman mota.