Alƙaluman Ban Mamaki Daga Wasannin Ƙwallon Kwando na Ƙasa da Ƙasa

Da zarar an tashi daga wasan ƙwallon kwando, akan fitar da takarda mai ɗauke da aikin kowane ɗan wasa: mintin da ya yi a fili, makin da ya ci, ƙwallon da ya cafke bayan ta bugi kwando ta dawo, da wadda ya miƙa wa abokinsa ya jefa. A wasannin ƙasa da ƙasa minti 40 kacal ake yi, saɓanin minti 48 na gasar NBA ta Amurka, kuma keta biyar ke fitar da ɗan wasa daga fili, ba shida ba. Shi ya sa duk wanda ya tara maki masu yawa a nan, da guminsa ya tara su. Ga wasu alƙaluman da suka cancanci a tsaya a dube su.

Mutum ɗaya daidai da ƙasa guda

A gasar Olamfik ta 1936 a Balin aka fara raba lambobin yabo a ƙwallon kwando. A waje aka buga wasan ƙarshe, a filin ƙasa, ana tafka ruwan sama, har ƙwallo ta daina tashi in an buga ta saboda laka. Amurka ta ci Kanada 19 da 8. Joe Fortenberry na Amurka ya ci maki 8, wato daidai da abin da 'yan Kanada baki ɗaya suka haɗa.

Maki 55, amma aka sha kashi

Oscar Schmidt na Burazil shi ne ke riƙe da tarihin maki mafi yawa a wasa ɗaya na Olamfik. A birnin Seoul, a 1988, ya zura wa Sifaniya maki 55, kuma duk da haka Burazil ta faɗi 118 da 110. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. A wannan gasa, in an raba makinsa da yawan wasanninsa, kowane wasa ya tashi da sama da 42. Ya je Olamfik sau biyar, daga 1980 zuwa 1996, ya tara maki 1,093, adadin da har yau ba wanda ya kamo.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ƙungiyar New Jersey Nets ta zaɓe shi a 1984, ya ƙi zuwa, domin a lokacin duk wanda ya shiga NBA ba shi da damar buga wa ƙasarsa wasa. Shekara uku bayan nan, a 1987, ya ci maki 46 a Indianapolis, Burazil ta doke Amurka 120 da 115 a gidanta a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen nahiyar Amurka.

Minti 14 da Najeriya ba za ta manta ba

Ranar 2 ga Agusta, 2012, a Landan, Amurka ta lallasa D'Tigers ta Najeriya 156 da 73. Carmelo Anthony daga benci ya taso, bai cika minti 15 a fili ba, amma ya ci maki 37. Jifan nesa mai maki uku ya gwada sau 12, guda 10 suka faɗa kwando. Wato a kowane minti yana kwasar kusan maki biyu da rabi. A cikin wannan ruwan maki, Ike Diogu na Najeriya ya tsaya da ƙafarsa ya ci 27, abin da ba kasafai ake tuna masa ba.

Ramuwar gayya ta zo bayan shekara tara. Ranar 10 ga Yuli, 2021, a wasan sada zumunta a Las Vegas, Najeriya ta doke Amurka 90 da 87, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Da makamin da aka kashe su da shi suka rama: jifan nesa 20 suka zura, Gabe Vincent kuma ya ja gaba da maki 21.

Sabon shiga da maki 48

Sloveniya ƙasa ce mai mutum kusan miliyan biyu, kuma ba ta taɓa zuwa Olamfik a ƙwallon kwando na maza ba sai a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. A wasanta na farko, Luka Dončić, yana ɗan shekara 22, ya zura wa Ajantina maki 48, aka tashi 118 da 100. A wasan kusa da na ƙarshe da Faransa ya ci maki 16, ya cafke ƙwallo 10, ya miƙa 18 aka ci. Duk wannan bai hana faɗuwa ba: daƙiƙoƙi kaɗan kafin a tashi, Nicolas Batum ya make jifan da zai ba Sloveniya nasara, Faransa ta tsira 90 da 89. A takarda, wannan makewa layi ɗaya ce tak, amma ita ta raba gardama.

Shekara 65 ana jira

Tun 1956 Ostireliya ke zuwa Olamfik a ƙwallon kwando, amma kafin gasar Tokiyo mazanta ba su taɓa samun lamba ko ɗaya ba. A wasan neman na uku a Tokiyo, Patty Mills ya ci maki 42 a kan Sloveniya, aka tashi 107 da 93, suka koma gida da tagulla.

Rabin makin ƙasa a hannun mutum ɗaya

A gasar cin kofin Turai ta 2015, a Lille, Sifaniya ta fitar da mai masaukin baƙi Faransa 80 da 75 bayan ƙarin lokaci. Pau Gasol, yana da shekara 35, shi kaɗai ya ci 40 daga cikin 80 ɗin. Irin wannan Nikos Galis ya yi wa Girka a 1987: maki 40 a wasan ƙarshe da Tarayyar Sobiyet, Girka ta ɗauki kofin da ci 103 da 101.

Sanyi huɗu, zafi biyu

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Stephen Curry na Amurka ya buga wasa huɗu na farko da maki 29 gaba ɗaya, har aka fara cewa shekaru sun cim masa. A wasa biyu na ƙarshe ya ci 60. Ya zura wa Sabiya 36 a ranar da Amurka ta farfaɗo daga ratar maki 17 ta ci 95 da 91. A wasan ƙarshe da Faransa ya ci 24, kuma ba ko ɗaya da ya fito daga kusa da kwando ko daga jifan keta: jifan nesa takwas ne cif, huɗu daga ciki a minti uku na ƙarshe.

Saura ƙiris Sudan ta Kudu

Kafin wannan gasa, a wasan share fage da Amurka a Landan, Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yanci a 2011, ta kusa girgiza duniya. Ɗan wasanta Carlik Jones ya haɗa maki 15, cafka 11 da miƙawa 11, sai da LeBron James ya zura ƙwallo saura daƙiƙa takwas kafin Amurka ta sha da ƙyar, 101 da 100.

Idan ka sake cin karo da takardar alƙaluman wasa, kada idonka ya tsaya kan layin maki kawai. Duba mintin da ɗan wasa ya yi, duba yawan jifan da ya ɓarar kafin ya ci, sannan ka duba ko ƙasarsa ta yi nasara. A nan ake gane gwani na gaskiya.