Ko Kun Sani? Dije da Na'urar Matse Sauti

Waƙar da dije ke sakawa a gidan biki, tun a sutudiyo aka matse sautinta kafin ta fito kasuwa. Sake matse ta kashe mata armashi yake yi, har dukan ganga ya rasa nauyinsa. Inda wannan na'ura, wato kwamfireso, ke da rana shi ne kan makirufon sanƙira, wanda yanzu yana magana ƙasa-ƙasa, anjima ya kwarma ihu yana kiran uwar amarya ta fito liƙi. In aka saita ta a 4:1, duk desibel 4 da muryarsa ta haura iyakar da aka sa wa na'urar, 1 kacal ke fita. Lasifika kuwa wata na'ura mai suna limita ce ke kare ta daga ƙonewa, kuma yawancin lasifiku masu haɗe da amfilifaya da limita suke zuwa.