Shin Ƙasashen Duniya Tafiya Su Ke Yi?

Duk wanda ya dubi taswirar duniya da kyau zai ga abin mamaki. In da za a turo Amurka ta Kudu gabas, da ƙusurwar Birazil ta shige daidai cikin lungun tekun da ke kudu da Nijeriya. Wannan dacewa ta jawo gardama tsakanin masana har wajen shekara 50, kuma yadda aka raba gardamar ya isa abin koyi ga mai neman gaskiyar kowane al'amari.

Cikin 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, masanin yanayin sama, ya ce a zamanin da ƙasashen duniya duka a dunƙule su ke wuri guda, daga baya suka tsattsage, kowace ta kama gabanta. Ya buga littafi a kan haka cikin 1915. Ya san siffar gaɓar teku kaɗai ba ta isa hujja ba. In an tsinci ɓallin ƙwarya biyu, bakinsu ya dace, mai yiwuwa katari ne. Amma in zanen da ke jikinsu ya haɗu shi ma, to, lalle ƙwarya ɗaya ce ta fashe.

Saboda haka ya nemi zanen. An sami ƙasusuwan wata 'yar dabba mai kama da kada, Mesosaurus, cikin duwatsun Birazil da na kudancin Afirka, ga shi kuwa ba ta iya ƙetare teku. An sami sawun ganyen wata itaciya, Glossopteris, a Indiya da Afirka da Ostareliya da Amurka ta Kudu. An kuma ga kartar da ƙanƙara ta yi wa duwatsu a Indiya, ƙasa mai zafi.

Duk da haka yawancin masana suka ƙi yarda, ba kuwa don taurin kai kaɗai ba. Harold Jeffreys na Ingila ya lissafa, ya nuna ƙarfin da Wegener ya ce shi ke tura ƙasashen bai kai ko kusa ba. Awon da Wegener ya dogara da shi na saurin tafiyar Girinlan kuma ya wuce kima ƙwarai. Ya rasu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930, maganarsa ba ta karɓu ba.

Sai da aka leƙa ƙarƙashin teku sa'an nan shari'a ta juya. Cikin 1952 Marie Tharp ta Amurka ta gano wani dogon kwari bisa tsaunukan da suka ratsa tsakiyar Tekun Atlantika. Cikin 1962 Harry Hess ya ce ta nan narkakken dutse ke ɓullowa, ya daskare, ya ture tsohon gefe da gefe. In haka ne, tilas alamar maganaɗisun da ke cikin duwatsun gabas da kwarin ta zama daidai da ta yamma, kamar yadda Vine da Matthews suka bayyana a 1963. Aka auna, aka tarar haka ɗin ne. Cikin 1967 kuma aka gwada shekarun duwatsun Gana da na Birazil, iyakar tsofaffi da sababbi ta haɗu.

Yau an tabbata Atlantika na ƙara faɗi wajen inci 1 zuwa 2 kowace shekara, watau kamar tsiron farce. Kwarin Binuwai ma tsaga ce da ta soma sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, amma ba ta ƙarasa ba.

Malamai, in za ku koyar da wannan, kada ku tsaya ga cewa Wegener ya yi gaskiya. Ku nuna wa yara cewa alƙali ba ya yanke hukunci don girman mai ƙara, sai shaidu dabam dabam, waɗanda ba su haɗa baki ba, sun faɗi abu guda.